Tagar da na Toshe a Gobarau

Ranar sunan 'yar Abba ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammani barci nake, alhali kunnena na kanku. Abba ya tara abokan aikinsa yana ba su labarin yadda ubansa ya riƙe wata tsohuwa maƙwabciya shekara goma sha biyu, ci da sha da magani, ba dangin iya ba na baba. Su kuma suna ta "Allah sarki", suna leƙo ni kamar wani waliyyi. Ban tanka ba, don ba a ƙaryata ɗa a gaban baƙi. Amma karo na uku ke nan ina jin labarin nan a bakinku, kuma kowane karo sai ya ƙara ƙiba. To ni da na yi abin, bari in faɗa muku yadda aka yi. Na riƙe Iya Tabawa, wannan gaskiya ne. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na yi wa mijinta kafin nan, kuma daga gyaran taga abin ya faro.

Shekarar ita ce wadda soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula. Ban cika talatin ba, ina akawu a ofishin ayyuka, ina da sabon keke da agogon hannu, kuma a ganina duk abin da ya girme ni a garin Katsina ya isa a rushe a sake. Ba ni kaɗai ba, haka iskar shekarar take kaɗawa. Kowane zaure ka wuce rediyo ne da gardama, kowa na cewa zamani ya juya. Gidanmu na unguwar Gobarau kuwa, ku kun san shi ne bayan ya sha siminti da fenti. A lokacin ginin ƙasa ne tun na kakana, bangonsa ya kai kamu biyu a kauri, rufin azara, tagoginsa kuwa 'yan ramuka ne can sama, kowace da ɗan murfin katako. Gara ta cinye murafun nan har in ka taɓa sai gari ya zubo maka a ido. Da rana tsaka sai ka lalubi takalminka a ɗaka. Sauro kuma ya mai da tagogin ƙofar gidan ubansa. Uwarku tana Ƙofar Durbi wajen iyayenta, ta tafi haihuwar fari, wato ke Hadiza, ni kuwa na ƙudura a raina ba za a dawo mini da jaririya cikin wannan duhu da sauro ba. Wannan niyyar mai kyau ce, ba zan rage mata komai ba. Amma akwai ta biyu a ƙarƙashinta: abokaina sun fara shiga siyasa, wasunsu na zuwa da mota, ina jin kunyar su ga inda nake kwana.

Babana, Malam Mamman, ya rasu da shekara huɗu a lokacin. Ƙannena mata duk suna gidajen mazansu, ɗaya a Funtuwa ɗaya a Kaduna. Saboda haka da uwarku ta tafi, gidan ya rage daga ni sai Inna. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari irin ta da ba, sai in yi muku bayani. Ni ne ɗan farin Inna, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ni Lawal kaɗai ba, ko wani Lawal ɗin daban ne ya yi sallama sai ta ce "mai sunan wancan". Da na fara aiki sai na zama "mutumin ofis". In na gaishe ta, randar ruwa take amsa wa ko ƙofa. In tana son wani abu daga gare ni, uwarku take faɗa wa ina tsaye ina ji, uwarku ta juyo ta maimaita mini kamar daga wani gari aka aiko. Ba ƙiyayya ba ce, kada ku yi mata wannan fassarar. Matar nan in na yi zazzaɓi ba ta cin abinci, amma ba za ta leƙo ɗakina ba. Haka ta tarar ana yi, haka ta yi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, tafiyar uwarku ta bar mu ba tafinta.

Bangonmu na yamma ɗaya ne da na gidan Malam Isuhu baduku, mijin Iya Tabawa. Shi da babana abokai ne tun na makarantar allo, har da aka zo sake wannan bangon suka sa magini ya bar 'yar taga a cikinsa, daidai ƙugu, a lungun ɗakin girkin Inna, don matansu su riƙa miƙa wa juna garwashi da gishiri da kwanon ciyayya ba sai an zagaya ta waje ba. Faɗinta bai wuce a tura akushi ba. Siyasar farko ce ta raba su. Malam Isuhu ya bi 'yan adawa, babana ya tsaya gefen masu mulki, aka kama mutane kan taro ba izini, aka nemi shaida, babana ya je ya ce lalle a zauren Isuhu aka yi taron. Malam Isuhu ya yi wata shida a ɗaure. Ranar da ya fito ya tsaya a bakin masallacin unguwa, gaban jama'a, ya rantse cewa ko ruwan gidan Mamman ba zai ƙara wuce maƙogwaronsa ba har ya mutu. Ya kuma hana matarsa taka gidanmu. Wannan kowa a Gobarau ya sani, ni ma da shi na tashi.

Ga abin da ban sani ba, wanda mata uku kaɗai suka sani a duniya, Inna da Iya Tabawa da uwarku. Shekara tara kafin shekarar gyaran tagar idon Malam Isuhu ya tafi, dukanci ya tsaya, ba su da ɗa a raye. Tun daga ranar, kullum ta Allah, tuwon da yake ci ta wannan 'yar tagar yake shiga daga tukunyar Inna. Iya Tabawa ta ce masa da kaɗin zarenta da 'yar daddawar da take sayarwa take ciyar da su, shi kuma ya yarda, don makaho bai ga yawan zaren ba. Yana zaune a zaurensa daga hantsi zuwa magariba, kansa a sama, yana ganin bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba, bare gidan Mamman. Wannan ne kaɗai abin da ya rage masa, kuma a shekarar siyasar nan ya ƙara daraja, don samarin sabuwar adawa sun gano shi. Kullum bayan la'asar sai su cika masa zaure da rediyonsu, yana ba su labarin ɗauri da rantsuwa, suna kiransa Baba mai magana ɗaya.

Ba a fasa bangon ƙasa da damina, sai na jira har ruwa ya ɗauke, bayan an rantsar da sabuwar gwamnati da 'yan makonni. Na kira Magaji magini, wani tsoho daga Ƙofar Kaura wanda ubansa ne ya yi wa kakana aiki. Na sa mai walda ya haɗa mini tagogin ƙarfe biyar, irin masu gilashi falle-falle da ake ɗagawa da ɗan hannu a gefe, kowace da raga saboda sauro. Magaji ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa kamar mai sayen kankana. Ya ce ramin da nake so ya yi faɗi, bangon ƙasa ba ya son a yi masa babban baki, sai an gicciya azara uku a kan kowace taga, in ba haka ba damina biyu ta tsage har sama. Ya ce kuma siminti da ƙasa ba sa auren juna, sai an kafa ƙusoshi an ɗaura waya kafin shafe ya kama. Na ce duk a yi. Mutum ne mai jan aiki, yini guda taga guda, yana fasa bangon da kaɗan-kaɗan yana yayyafa ruwa. Ranar da aka ɗora ta ɗakina rana ta faɗo har kan gado, na ga datti a kusurwoyin da ban taɓa sanin suna da shi ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da muka iso ɗakin girki na ga 'yar tagar nan a bayan randa, murfinta ya ruɓe, fatar da aka ɗaure shi da ita ta bushe ta tsage. Na ce wa Magaji wannan ba gyara take so ba, toshewa za a yi. Ba ta kawo haske, ba ta kawo iska, sai ɓera da kyanwa, kuma gidan da take kallo ba ma ko gaisawa. Magaji ya duƙa ya shafa bakinta, ya dubi yatsunsa, ya ce bangon tarayya ne, ba a taɓa shi sai da yardar maƙwabci. Na ce ya je ya tambaya. Ya je ya dawo ya ce Malam Isuhu ya yi mamakin cewa har yanzu tana nan, ya ce a toshe, tun shekara ashirin ya kamata. Iya Tabawa na bayan ƙofa tana ji, me za ta ce? Magaji dai bai gamsu ba, ya sake duban bakin tagar, wanda ya yi sumul yana ƙyalli, ya ce in tambayi Inna. Ni da na yi makaranta ban tambayi kaina abin da ke goge bakin tagar da aka daina amfani da ita ba.

Na je na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta, ta amsa wa tabarma. Na faɗa mata abin da za a yi. Ta daɗe tana tsince shinkafa a faifai, sannan ta juya fuskarta bango ta ce:

"A bar wagga."

Na shiga kawo mata hujjoji irin na ofis, ɗaya bayan ɗaya. Na ce gara, na ce ɓera, na ce jaririya na tafe, na ce shi kansa mai gidan can ya ce a toshe. Na tsaya ina jiran amsa. Ba ta ƙara cewa uffan ba. A wurinta wannan kalma ukun ma ta ƙure iyakarta, in ta sake magana ya zama tana hira da ɗan fari, in kuma ta faɗi dalili ta tona asirin da ba nata ba. Ga Magaji, namiji baƙo, yana tsakar gida yana ji. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin ta sallama. An ce shiru ma magana ce, amma sai ga mai jin yaren. Na koma wurin Magaji ya tambaye ni:

"Mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Toshe."

Ya girgiza kai ya kwaɓa ƙasa. Tubali shida suka cika ramin, ya shafe da siminti, ya goge har ba ka gane wurin. Da ya gama ya karɓi sallamarsa ya tafi ƙauye girbin dawa.

Kwana goma sha tara tagar nan ta yi a toshe. Ni ban ga komai ba sai abu biyu. Na farko, Inna ta rage cin abinci, na ce sauyin yanayi ne. Na biyu, ba ta rage yawan tuwon da take tuƙawa ba, kullum da yamma sai ta zuba a wani tsohon akushi ta rufe da faifai ta ajiye bayan randa, da safe ta ɗumama ta ba masu wucewa. Na ce rikicin tsufa ne. Daga baya na ji yadda aka yi a can gidan. Inna ba ta da hanyar shiga, don ƙofa ɗaya ce kuma Malam Isuhu na zaune a bakinta, ya san takun kowa a unguwar. Iya Tabawa an hana ta gidanmu. Katanga ta fi ƙarfin tsofaffi biyu. In a aika ta wani gida, to magana ta fita ke nan. Sai Iya Tabawa ta shiga ba dillaliya tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya tana auno dawa, ta tuƙa masa ɗan abin da ya samu da miyar da ba mai ba nama, ita ta sha ruwan ƙanzo. Ya tambaye ta me ya sami hannunta, ta ce kasuwar zare ce ta faɗi.

Ranar da uwarku ta dawo da ke Hadiza, bayan arba'in, na zagaya da ita ina nuna mata tagogi ɗaya-ɗaya ina jiran yabo. Ta yaba kuwa. Da muka shiga ɗakin girki sai ta kai idonta bayan randa. Ta yi salati a hankali, ta tambaye ni kwana nawa. Na faɗa mata. Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta zayyana mini komai, tun daga shekarar da ido ya tafi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ni mutum ne da in kunya ta kama ni sai in nemi abin yi da gaggawa, kun san halina. Uwarku ta ce abu ɗaya za a yi, a nemo magini a huda ramin shiru, a ce wa maƙwabci bango ne ya yi gumi ake ba shi iska, komai ya koma yadda yake. Na ce Magaji na ƙauye, sai bayan mako. Na ce mutane na kwana da yunwa a bayan bangona, ba zan jira mako ba. Na ce kuma wai har yaushe za a yi ta ɓoye-ɓoye kan rigimar da masu ita ɗaya ya mutu ɗaya ya makance? Ƙasa gaba ɗaya ta buɗe sabon shafi, mu ma mu buɗe. Ta dube ni ta ce:

"Malam, ka yi duk abin da za ka yi, amma don Allah kada ka bi ta ƙofa."

Na bi ta ƙofa. A raina har ina hango yadda za a ba da labari a unguwa, ɗan Mamman ya je ya kashe gabar shekara ashirin. Bayan la'asar na ɗauki akushin nan daga bayan randa, da zafinsa, na fita. Inna na zaune a tsakar gida, ta miƙe tsaye da ta gan ni da shi, ta buɗe baki, ta rufe. Na iske zauren Malam Isuhu cike, samari shida ko bakwai, rediyo na magana. Shi yana kan buzunsa, ya rame, amma rawaninsa a naɗe tsaf. Na yi sallama, ya gane muryata nan take, ya amsa, don bai taɓa hana kowa amsar sallama ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya yi mini barka da ƙaruwa, duk a taƙaice. Sannan na ajiye akushin a gabansa na yi jawabin da na shirya a hanya, cewa abin da ya wuce ya wuce, ni ɗansa ne, ga ɗan abinci daga gidanmu. Ɗaya daga cikin samarin ya kashe rediyo. Malam Isuhu ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka kawo wa jarrabawar da ya san amsarta, ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, amma in mayar. Ya miƙa hannu zai turo mini akushin.

Akushin yana da tsohuwar tsaga a baki wadda aka ɗinke da waya. Yatsansa ya sauka a kan ɗinkin. Na ga hannun ya tsaya. Ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ya zagaya bakin akushin, ya ɗaga faifan, ƙamshin miyar Inna ya tashi, kuka da daddawa da man shanu. Sai ya ce:

"Wanga ai akushina ne."

Ya ɗaga murya kaɗan ya kira Tabawa. Ta zo ta tsaya a bayan ƙofar cikin gida, ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin asabari.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ido ya tahi, Malam."

"Kullum?"

"Kullum."

Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya mayar da faifan ya rufe tuwon da kyau, ya juya wajen samarin ya ce su tashi su tafi, abin da ya riƙa faɗa musu ba haka yake ba, shi ma yanzu ya ji. Suka fita ɗaya-ɗaya ba mai kallon wani. Ya lalubi sandarsa ya shige cikin gida, ya bar ni durƙushe da akushi a gabana. Daga wannan rana bai ƙara zama a zauren ba.

Washegari da safe ban je ofis ba. Na ari diga na huda ramin da kaina, na farfasa simintin Magaji, na kira kafinta ya yi mata firam na katako mai kyau da murfi mai sakata. A cikin tagogin gidan duka ita ta fi cin aiki. Da yamma Inna ta tura akushin, da safe ya dawo yadda ya tafi, an ɗebi gefe ɗaya kawai, rabon Iya Tabawa. Haka jibi, haka gata. Kowace loma aka kai masa sai ya tambayi daga ina, ita kuma ta rantse ba ta ƙara yi masa ƙarya. Limamin unguwa ya je ya same shi ya ce masa babu kaffara a kan wanda bai sani ba, kuma rantsuwar yanke maƙwabtaka ma ba abin riƙewa ba ce, karya ta ya fi lada. Ya ce ya san wannan tun liman na yaro. Ya yi azumin kwana uku duk da haka. Bayan nan bai ci komai ba sai abin da kaɗin matarsa ya saya da gaske, wato koko da safe, ɗan dambu ko fura in an samu. Na bi ta hannun dillaliya na riƙa saye zaren da tsada, ya gane cikin mako guda, don ya san farashin zare, ya sa aka daina kai mata. Inna kuwa ba ta ce a faɗa mini komai ba. Na tambayi uwarku ko ta yi magana a kaina, ta ce ko ɗaya. Na fi son da ta aiko da zagi.

Kada ku ce yunwa ce ta kashe shi, ajali ne, kuma dama tsoho ne mai ciwo. Amma ni na ga mutumin kafin akushin da bayansa, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Toshe tagar kuskure ne na rashin sani, kowa na iya yi. Bin ƙofar kuwa an gargaɗe ni, na ji, na tafi, saboda ina son a gan ni ina alheri. Mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba sun yi shekara tara suna ciyar da mutum ba tare da sun taɓa mutuncinsa ba, ni na zubar da shi a yammaci ɗaya gaban yaran da suke girmama shi. Abin da na yi wa Iya Tabawa bayan rasuwarsa, wanda kuke ta yayatawa, ba ta taɓa gode mini a kansa ba, ni ma ban taɓa jiran ta gode ba.

Ya kwanta ciwo da bazara, kafin ruwan farko. Da na ji jikin ya yi tsanani na roƙi Iya Tabawa ta nema mini izini, ya ce in shigo. Na same shi a ɗan ɗakinsa mai duhu, a kan tabarma, ya zama ƙashi da fata. Na gaishe shi, na ce na zo neman gafara ne, nawa da na babana. Ya ce tsakaninsa da Mamman ya wuce, ya yafe masa tun ranar da aka fita da gawarsa, rantsuwar ce kawai ta rage masa, ita yake riƙe da ita don ba shi da wani abin riƙewa. Ya ce in gaida Inna, in ce mata hannunta na da albarka, Allah ya saka mata, shi ya ci bai sani ba, bai taɓa yi mata godiya ba. Na ce to ni fa, Baba? Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce:

"Tagar na yahe maka, Lawal, ni na ce a toshe. Akushin ne nake ta ƙoƙari. Ka dawo jibi, wataƙila."

Na koma jibin da hantsi, na iske ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.